Kafin a ce batir ne, a saurari motar

A kakar tumatir, babu abin da ke tayar da hankalin manomin rani a Kadawa kamar a gama loda kwanduna a J5, direba ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Shinkafar Kura tana iya jira a buhu. Tumatir kuwa da rana ta take sai ya fara zubar da ruwa, kuma dillalan Kwanar Gafan ba sa sayen uzuri.

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da ƙafarsa yake bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Amfanin gona ne ba ya fita da ƙafarsa. Tsofaffin J5 da Kanta ke ɗaukarsa a kan burji mai ƙura da gargada, don haka ƙin tashin mota a yankin nan lamari ne na noma, ba na direba kaɗai ba.

Abin takaici shi ne yadda ake tunkarar matsalar. Da mota ta yi gardama, sai kowa ya zama bakanike: wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kik ne, a tura yaron mota Ƙofar Ruwa sayen kaya, alhali motar ta riga ta faɗi ciwonta ga mai kunne.

Idan an murɗa makulli aka ji shiru, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban direba suna dushewa, wuta ce ba ta isa. Ba lallai batirin ne ya mutu ba. Sau da yawa kan batir ne gargada ta sassauta, ko ya yi farin gari mai kama da kanwa. Ruwan zafi da sifana lamba goma sun isa magani. Idan fitilu na nan garau amma sai ƙas guda ɗaya, a nan ne za a zargi kik. Ƙaramar na'urar awon wuta tana raba gardama: lafiyayyen batir yana nuna kusan 12.6 injin na kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan ya tashi. In bai haura ba, caji ne ba ya yi, kuma sabon batir ma mutuwa zai yi.

Wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce cire kan batir injin na aiki, wai don a gwada caji. Tsohuwar mota mai kafireta tana iya jurewa. Mai kwamfuta kuwa ana iya ƙona mata ƙwaƙwalwa, gyaran ɗari ya koma na dubu.

Idan injin na juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, batir ya fita daga zargi. Saura mai ko tartsatsin fulogi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, direbobi da dama ba sa cika tanki, sai 'yan litoci daga galan ɗin 'yan bumburutu, famfon mai ya yi ta zuƙar dattin ƙasan tanki har filta ta toshe. Mai shan gas kuma, in mai ya ƙare mata sai iska ta shiga layi, ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar. Da asubar hunturu, hita ce farkon abin dubawa.

Turi fa? Yana fitar da mai giyar hannu kunya, shi ya sa wasu ke ajiye mota a gangaren bakin kanal. Amma jinkirta ciwo ne, har ranar da zai kama ta da cikakken lodi a tsakiyar laka.

Wannan sani bai fi ƙarfin kowa ba. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyar makanikai ta NATA suna iya ware yini guda kafin kaka su koya wa direbobi da yaransu, a kuma ajiye na'urar awo da wayoyin jona batir a Kwanar Gafan da tashar Kura. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da ke tara kuɗin yashe magudanai, su ma suna da dalilin sa hannu, tun da kayan mambobinsu ne ke ruɓewa a bayan motar.