Tumbi Ba Arziki Ba Ne

Jama'a talakawa, 'yan kasuwar Fakku da Kebbe da Tambuwal, wa ya ce tuwon gero abin kunya ne? Manya masu tumbi, da ba ma gani sai lokacin zaɓe da buhun shinkafa da katan ɗin taliya, su suka koya mana raina abin da muka noma.

Tun janye tallafin fetur a 2023 cefane ya gagari magidanci, amma sai mutum ya sayar da mudun wake ya sayi lemon kwalba don a ce ya waye. Haba! Kwalba ɗaya sukarinta ya kai ƙaramin cokali 7 ko fiye. Ƙarshenta teɓa da ciwon sukari, alhali ba mu ake kaiwa asibitin Masar ba.

Mu ga namu: tuwon gero ko dawa malmala ɗaya, ba uku ba, miyar kuka da daddawa, a rage dunƙule da gishiri saboda hawan jini. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga dafaffen wake da manja cokali ɗaya. Fura ma a dama da nono, ban da sukari. Uwargida, in maigida ya yi gunaguni, ki miƙa masa jaridar nan.