Kuɗin Mata, Shawarar Maza

A Sabon Birni da Isa, in an kafa jam'iyyar gama kai, mata ne kan fara zuba kuɗi, na ƙuli-ƙuli da na fura da na akuyar da aka sayar. Amma ran da za a zaɓi masu riƙon akwati, waɗanda za su ce ga inda za a juya dukiyar, sai a ga maza zalla bisa tabarma. In an tambayi dalili, sai a ce wai al'ada ce.

To, al'adar wa? Ba dai ta Gobir ba. Tun Alƙalawa na tsaye, kafin a ci ta a 1808, akwai sarautar Inna, wadda akan naɗa daga cikin 'ya'yan sarauta. Tana da fadarta da barorinta, tana karɓar haraji, tana yanke shari'ar mata, in Sarki ya fita yaƙi kuwa ita akan bar wa gari. Har a Tsibiri, kusa da Maraɗi, ba a yar da wannan sarauta ba. Wanda kakanninsa suka damƙa wa mace birni, da wane baki zai ce ba ta iya riƙon littafin lissafi ba? Balle uwar adashi, wadda ke bin zubin mata ashirin da ka, kowa ya kwashi nasa ran da aka yi alkawari.

Wannan gardama ba a ƙauye kaɗai ake yinta ba. Ƙasar Norwe ta yi doka a 2003, cewa mata su sami kashi 40 cikin ɗari na kujerun shugabancin manyan kamfanoni. A 2012, zamanin da Sanusi Lamiɗo Sanusi ke Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, an nemi bankuna su ba mata kashi 30.

Masana sun yi ta bincike ko zaman mata a majalisar kamfani na ƙara riba, waɗansu suka ce i, waɗansu suka musa. Sai dai ai ba a taɓa cewa namiji ya kawo shaidar riba kafin a shimfiɗa masa buzu ba.

Ga kuma halin da ƙasar ta shiga. Tun 2019 'yan bindiga suka kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, gidaje da yawa suka koma hannun matan da aka kashe wa maza. Su ke ci da marayu, su ke zubi, amma in kwamiti ya zauna rabon rance, a bakin zaure suke jiran labari.