Ƙanƙarar Arewa da Laka ta Bosomtwi

Jama'a, duk hutun Ista motoci suna cika daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango zuwa Abono, bakin tafkin Bosomtwi. A yi iyo, a ci soyayyen kifi, a dawo. Mu malaman makaranta ma haka muke kai yara, kuma da wuya ka ji wani ya faɗa musu abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan nan.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe tsibiran Svalbard, can arewacin Norway, har ta haɗe da wadda ta rufe tekun Barents. Nauyinta ya danna ƙasa. Da ta narke, ƙasar ta riƙa tasowa sannu a hankali, shi ya sa yau ake samun tsoffin bakin teku a kan tudu, da ƙasusuwan manyan kifaye a wurin da ruwa ba ya kaiwa. Da tsawon tashin nan masana suke auna kaurin ƙanƙarar ta dā. Ruwan da ta riƙe, da na sauran ƙanƙarar duniya, ya sa teku ya ja baya da kusan mita 120.

To me ya haɗa mu da wannan? A 2004 masu bincike sun haƙa ƙasan Bosomtwi suka fito da laka mai zurfin kusan mita 300. Lakar tafkin ta nuna cewa a zamanin ƙanƙarar nan ruwansa ya ragu sosai, kurmin ƙasar Tonawa ya ja baya, ciyawa ta maye gurbinsa. Wato abin da ya faru a ƙarshen duniya ya taɓa gonakin kokon da muke gani yau. Ƙanƙarar Girinlan da ta rage, in ta narke gaba ɗaya, teku zai tashi kusan mita 7, alhali mutanen Keta tun yanzu suna kallon ruwa yana cin gidajensu.

UNESCO ta sa tafkin cikin wuraren da ake karewa a 2016, amma ledoji suna yawo a bakinsa, masu galamse kuma suna matsowa. Wallahi abin kunya ne.

Muna kira ga shugabannin makarantun Zango, na boko da na Islamiyya: kafin a ɗau yara zuwa Abono a hutu mai zuwa, a ware musu darasi ɗaya kan lakar nan, kuma kowane yaro ya dawo da ledar da ya tafi da ita.