Ƙurajen baya a jikin matasa

Ƙurajen baya wani nau'i ne na ƙurajen balaga da ke fitowa a baya, kafaɗu da ƙirji, ba a fuska kaɗai ba. Ƙurajen balaga suna shafar kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekaru 12 zuwa 24. Na baya sun fi wuyar magani saboda fatar wurin ta fi kauri, hannu kuma ba ya kaiwa sosai. A masu baƙar fata sukan bar tabo mai duhu wanda kan ɗauki watanni kafin ya goge.

Dalilai

A lokacin balaga sinadaran androjin suna sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Maiƙon yana haɗuwa da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ramin gashi, sai ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes ta yawaita a ciki, wurin ya kumbura. Gado yana da tasiri. Gumi, matsattsun kaya, gogar jakar makaranta da man shafawa mai kauri suna ƙara tsananta su. Rashin wanka ba shi ne asalin su ba, kuma dirza baya da soso mai kaushi ƙara fusata fata yake yi.

Ana yawan rikita su da ƙurajen zafi, ko da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da naman gwari na Malassezia ke haddasawa. Waɗannan na ƙarshe maganin naman gwari suke buƙata.

Magani da rigakafi

Idan ƙurajen ba su yi tsanani ba, ana amfani da sabulun ruwa mai benzoyil feroksayid, a bar shi a jiki 'yan mintuna kafin a ɗauraye. Yana kashe launin tawul da tufafi. Ana kuma shafa adafalin, wanda Amurka ta amince a sayar ba da takardar likita ba a 2016. A 2019 aka amince da tirifarotin, wanda aka gwada a baya da ƙirji, ba fuska kawai ba. Kowanne yakan ɗauki makonni shida zuwa goma sha biyu kafin a ga sauyi.

Idan sun yi yawa, likita kan rubuta doksisaikilin na wata uku zuwa huɗu tare da na shafawa. Masu tsanani ana ba su isotiretinoyin, wanda ke nakasa ɗan tayi idan mai ciki ta sha.

Rigakafin ya haɗa da yin wanka da cire rigar da ta jiƙe bayan motsa jiki, sa kayan auduga masu sakewa, da barin matse ƙurji.

Batun benzin

A watan Maris 2024 wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Amurka, Valisure, ya kai ƙorafi ga hukumar FDA cewa benzoyil feroksayid yana iya rikiɗewa zuwa benzin, sinadari mai haddasa kansa, musamman a cikin zafi. A Maris 2025 FDA ta ce ta gwada kayayyaki 95, shida ne kawai suka nuna benzin mai yawa, kuma haɗarin kansa daga gare su ƙarami ne ƙwarai. Wasu kamfanoni sun janye kayansu daga shaguna.

Batun ya shafi garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, shaguna da yawa kuma ba su da na'urar sanyaya ɗaki. Shawarar likitocin fata ita ce a ajiye maganin a wuri mai sanyi, a zubar da wanda wa'adinsa ya ƙare, ba a daina amfani da shi gaba ɗaya ba.

Man bilicin da shan magani barkatai

Matsalar da ta fi girma a Najeriya ita ce tabon da ƙurajen ke bari, domin shi ke tura matasa sayen man bilicin ko haɗin da ake tallatawa a TikTok da Instagram. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sitiroyid irin su kilobetasol. Sitiroyid yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci, daga baya ya fito da sababbin ƙuraje, ya sirance fata, ya bar nankarwa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiya a ƙasar.

Haka kuma sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba da takardar likita ba yana sa ƙwayoyin su daina jin magani. Likitocin fata kaɗan ne, akasarinsu a asibitocin koyarwa, don haka mai kemis ne mutum na farko da matashi ke tambaya. Wanda ƙurajensa suka yi zurfi, suke ciwo, ko suka wuce wata uku ba sauƙi, ya kamata ya je asibiti kafin tabo ya zauna.