Raddi kan liyarin Ataba

Wani ɗan'uwa ya dawo daga Alƙahira da liyari, wato kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wanda ya saya wurin masu kasa tsofaffin kaya a Ataba. Sai ya rubuta cewa tsabar ta haura shekara 240, kuma hujja ce cewa da ƙarfin bindiga Turawa suka ɗora mana kuɗinsu. Duka biyun ba su tsaya ba.

Da farko shekarar. Ya ga 1780 a jiki ya ɗauka shekarar bugu ce. A 1780 sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan aka daskarar da wannan lamba a kan duk wanda aka buga, domin fatake ba sa karɓar wanda ya sauya kama. An buga shi a Biyana da Roma da Landan da Bombai, har gobe ma'aikatar buga kuɗin Ostiriya tana bugawa. Abin da ke hannunsa yana iya zama sa'an kakansa.

Batun tilas ya fi damuna, don yana tauye wa magabatanmu basira. Wace runduna Ostiriya ta taɓa kaiwa Kano ko Kukawa? Liyari ya ratso Sahara ne ta hannun 'yan kasuwa, aka amince da shi saboda nauyinsa bai canzawa: giram 28, kashi 833 cikin 1000 azurfa. Da matafiyi Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza shi da wuri 2,500. A Masar, dokar mai mulkin ƙasar, Muhammad Ali, ta 1834 ta yanka masa ƙirshi 20. Ostiriya kanta ta daina cin kasuwa da shi a 1858, amma Jidda da Habasha ba su saki ba. Kai, ko Ingilishi da suka shiga Habasha da yaƙi a 1868, sai da suka sayo shi daga Biyana, domin mutanen ƙasar sun ƙi sayar musu da abinci da wani kuɗi. To wa ya tilasta wa wani?

Ɗan'uwan ya ce ai mulkin mallaka ne ya yaɗa shi. Akasin haka aka yi a ƙasarmu: sulallan Ingila ne suka kore shi daga kasuwa, ya koma wuyan mata da tukunyar maƙeran farfaru.