Haƙƙin Mage a Gidan da Mai Yake Kwana



Ya ku ƴan'uwa, ba sai an gaya wa mutumin Kara-Kara inda kwalaben fetur suke kwana ba. Matatar SORAZ ta fara aiki tun 2011, amma ba a daina sayar da ruwa-ruwa a bakin hanya ba, kuma abin da ya yi kwantai gida ake mayar da shi, a ajiye kusa da kananzir da baƙin man babur da aka juye a kwano. A nan mage take yawon dare.

Ba ta shan mai da gangan. Takawa take yi, ko ya zubo mata, sai ta zauna lasar gashinta har ya shiga cikinta. Ku kuwa kun san matsayinta: Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito matar da aka azabtar saboda magen da ta tsare har ta mutu. Wanda ya ajiye ta don ɓera ya ɗauki amanarta.

Inda nake ganin ake kuskure shi ne wajen gaggawar tausayi. Da an ga tana dalalar da yawu tana tangaɗi, sai a danne ta a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri don ta yi amai. Kada ku yi. Fetur da kananzir ba su da kauri. Idan suka dawo da amai sukan zarce huhu, kuma a can suke kisa. Ɗurar ma kanta tana shaƙe ta. Farasitamol kuwa, ko ƙwaya guda, guba ne gare ta.

Ku fitar da ita inda iska take, nesa da wuta. Ku wanke gashin da sabulu da ruwa mai ɗumi, ku tsane ta da tsumma, sannan ku kai ta wurin likitan dabbobi tare da kwalbar. Ko ta miƙe kada ku saki jiki, domin tari da haki sukan zo bayan awoyi.

Kwalbar kuma a toshe ta a ɗora sama. Ƙasar da mage take takawa, a kanta yaro yake rarrafe, shi kuwa yakan ɗauka ruwa ne ya kurɓa.

Wallahu a'alam.