Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kwanan baya na kai ziyara Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi, na tarar da dattijai biyu suna gardama a gindin bedi. Zancen mutuwar shugaban ƙasa Janar Ibrahim Ba'are Mainasara suke yi. Na farko ya ce soja guda ne bindiga ta kuɓuce masa, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Na biyu ya ce a'a, abu ne da aka ƙulla. Ni ina bayan na biyu, ga kuma dalilaina.

Ranar Juma'a 9 ga watan Afirilu 1999, a filin jiragen sama na soja da ke Yamai, dogaran fadar shugaban ƙasa suka buɗe wa Janar Ba'are wuta yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Ya mutu nan take, tare da waɗansu daga cikin masu rakiyarsa. A ranar, firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya shaida wa jama'a cewa mummunan hatsari ne ya auku, ya kuma rushe majalisar dokoki. Bayan kwana 2 sojoji suka kafa majalisar mulki, suka ɗora Kwamanda Dauda Malam Wanke bisa kanta. Shi ne kuwa shugaban dogaran nan.

Kowa ya san yadda ake yi in hatsari ya faru: a kama wanda ya yi harbi, a bincike shi, a tuhumi shugabansa bisa sakaci. A nan shugaban masu harbin ne ya hau gadon mulki. Wannan shi ne dalili na farko.

Dalili na biyu yana rubuce cikin dokar ƙasa. Tsarin mulkin da jama'a suka amince da shi a watan Yuli 1999 ya yi ahuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afirilu 1999. Ku lura da kalmar: juyin mulki aka rubuta. Hatsari ba ya bukatar ahuwa, mutum guda kuma ba ya juya mulki shi kaɗai.

Ba na musun cewa mutum ɗaya yana iya kashe shugaba. A Amurka, kwamitin Warren ya bayyana a 1964 cewa Oswald shi kaɗai ya harbe shugaba Kennedy, sannan a 1979 wani kwamitin majalisar wakilai ya ce mai yiwuwa akwai makirci. Sun saɓa, amma dukansu sun kira shaidu, sun auna harsasai, sun rubuta abin da suka gani domin kowa ya karanta. Mu namu zancen an rufe shi tun ba a buɗe ba.

Akwai masu cewa ahuwar nan ita ta sa soja suka miƙa mulki ga Tanja Mamadu a watan Disamba 1999 ba tare da tashin hankali ba, kuma shi kansa marigayin da bindiga ya kawar da Mahaman Usman. Gaskiya ne. Amma yafe laifi daban, ɓoye shi daban. Shi ya sa a watan Oktoba 2015 kotun ƙungiyar Sedeyawo ta ga cewa an tauye wa iyalinsa haƙƙin shari'a, ta umurci Nijar ta biya su diyyar miliyan 435 na kuɗin sefa.

Sai dai ina jan kunnen dattijo na biyu da masu ra'ayinsa. Sanin cewa an ƙulla abu bai ba mu izinin kama sunan kowa a kasuwa ba. Wa ya ba da umurni, wa ya sani ya yi shiru, wannan aikin alƙali ne da shaidu. Inda alƙali bai yi magana ba, jita-jita ke zama alƙali, ta shafa wa mai laifi da marar laifi baƙin jini ɗaya.

Kwamanda Wanke ya rasu a 2004, shaidu kuma suna tsufa. Don haka nake kira ga mahukunta su buɗe takardun wannan rana, a saurari waɗanda suka rage, a rubuta sakamakon da harsunanmu, yadda wanda ya gama yaƙi da jahilci a Mayahi ko Tasawa zai karanta da idonsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.